Tarihin Iskar Taya Da Shokazobar Babur: Daga Tayar Katako Zuwa Saƙo A Wayarka



Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Amma ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, musamman idan kana hawa babur ko kana da ɗan uwa mai hawa, domin maganar ta shafi aljihunka, ta kuma shafi lafiyarka.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya zo shago da wayarsa, ya ce wata manhaja ce ta ƙi haɗuwa da babur ɗinsa. Na ɗauka wasa yake yi. Sai ya ja ni waje ya nuna min wasu 'yan murafu guda biyu da ya ɗaura a kan bawul ɗin tayoyinsa, kowanne bai wuce girman kan kwalbar lemo ba. Ashe na'urar auna iskar taya ce mai aika saƙo ta Bluetooth. Matsalar ba ta da yawa, izini ne bai ba manhajar ba. Muna gyarawa sai lambobi suka fito: tayar gaba psi 19, ta baya psi 47. Mutumin ya yi shiru. Ya ce wata biyu ke nan yana fama da ciwon baya, babur yana dukansa a kowane rami, har ya tara kuɗin sayen sabuwar shokazoba. Alhali dutse yake hawa a baya, lagwani a gaba.

Wannan ne ya sa na koma na bi tarihin abin tun daga tushe. Abin da na fahimta shi ne: shokazoba ta farko a jikin babur ita ce iskar da ke cikin taya. Duk sauran fasahar daga baya ta zo, kuma a kanta aka ɗora ta.

LOKACIN DA BABU ISKA, BABU SIFIRIN

A shekarar 1885, wasu injiniyoyi biyu 'yan Jamus, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora ƙaramin injin fetur a kan wani abu mai kama da keke. Shi ne ake kira Reitwagen, kuma da yawa suna ɗaukarsa a matsayin kakan baburan fetur. Jikinsa katako ne, ƙafafunsa katako ne da aka zagaye da ƙarfe, irin na amalanke. Ka ƙiyasta hawa wannan a kan titin duwatsu. Duk tsakuwar da ka taka sai ka ji ta har haƙoranka.

Maganin wannan wahala daga wajen masu keke ya fito. Akwai wani likitan dabbobi ɗan asalin Sikotilan da ke zaune a birnin Belfast, sunansa John Boyd Dunlop. Ɗansa yana da ƙaramin keke mai ƙafa uku mai tayar roba daskararriya, yana shan jijjiga. Sai uban ya haɗa bututun roba, ya hura masa iska, ya naɗe shi a jikin ƙafar keken. A 1888 ya yi rajistar wannan ƙirƙira. Shekara guda bayan haka wani ɗan tseren keke, Willie Hume, ya lashe gasa a Belfast da irin wannan taya, waɗanda suka yi masa dariya da farko suka koma neman irinta.

Daga baya aka gano cewa wani ɗan Sikotilan ɗin, Robert William Thomson, ya riga shi tun 1845, sai dai a zamaninsa babu keke ko mota da za su karɓi abin, ya tafi a banza. Ka ga darasi a nan: fasaha ko ta yi kyau, sai ta samu lokacinta.

Abu biyu suka biyo baya. A 1891 'yan uwan nan na Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar, ba sai an kwana ana jiran gam ya bushe ba. Wato sana'ar mai faci da ka sani a bakin titi, daga nan asalinta yake. Sannan a 1893 kamfanin Schrader na birnin New York ya yi rajistar bawul mai ɗan tsinke a tsakiya, wanda idan ka danna iska ta fita, idan ka saki ya rufe. Leƙa tayar babur ɗinka yanzu, shi ne dai a jiki. Sama da shekara 130 bai canza fasali ba. Riƙe sunan Schrader, za mu sake haɗuwa da shi.

Da aka fara ƙera babur na sayarwa da yawa a 1894, wato Hildebrand da Wolfmüller a birnin Munich, da tayar iska ya fito. Babu shokazoba ko ɗaya. Iskar ce kaɗai tsakanin mahayi da ƙasa.

YADDA SHOKAZOBA TA SHIGO

Da injuna suka ƙara ƙarfi, gudu ya ƙaru, sai iska kaɗai ta kasa. Masu ƙira suka fara da sa sifirin a ƙarƙashin kujera, sannan suka sa a ƙafar gaba. Bayan babur kuwa ya daɗe a sandare, ƙarfe ne zalla daga kujera har tayar baya.

To amma sifirin shi kaɗai yana da aibi. Idan ka danna shi ka saki, ba ya tsayawa nan take, sai ya yi ta lilo sama da ƙasa. A kan babur wannan lilon yana ɗaga taya daga ƙasa na ɗan lokaci, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki, ba ta jin kwana. Abin da ake buƙata shi ne wani abu da zai kashe lilon. Sai aka koma ga mai: a tilasta masa bi ta 'yan ƙananan ramuka a cikin bututu, ya riƙa rage wa sifirin gaggawa. Saboda haka abin da muke kira shokazoba aiki biyu ne a haɗe. Sifirin yana ɗaukar nauyi, mai yana kwantar da tsalle.

A 1935 kamfanin BMW ya fito da samfurin R12, wanda ƙafarsa ta gaba bututu ne cikin bututu da mai a ciki. Shi ake lissafawa a matsayin babur na kasuwa na farko da ya zo da wannan tsari. Dubi gaban babur ɗinka, waɗannan sanduna biyu masu sheƙi jikokinsa ne.

A baya kuma an gwada dabaru iri-iri kafin a tsaya a kan wanda muka sani: hannun ƙarfe mai lilo da ke riƙe da tayar baya, da shokazoba biyu hagu da dama. Kamfanin Velocette na Ingila ya gwada shi a baburan tsere tun 1936, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, cikin shekarun 1950, ya zama ruwan dare.

Sai 1973. Kamfanin Yamaha ya karɓi dabarar wani injiniya ɗan Beljiyam, Lucien Tilkens, ta amfani da doguwar shokazoba guda ɗaya maimakon biyu. A shekarar nan Hakan Andersson ɗan Suwidin ya ci gasar duniya ta tseren cikin ƙasa da tuddai, ajin cc 250, da irin wannan babur. Sirrin shi ne tayar baya ta samu filin hawa da sauka mai yawa ba tare da ta bar ƙasa ba. Daga nan manyan babura suka rungumi shokazoba ɗaya.

Lantarki ya shigo a 2004, lokacin da BMW ya sa wa K1200S maɓallin da mahayi zai danna ya canza taurin shokazoba ba tare da ya taɓa sifana ba. Zuwa 2012 da 2013, BMW da Ducati sun fito da wadda ke gyara kanta da kanta ana cikin tafiya, tana karanta yanayin hanya sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya.

INA NAMU BABURAN SUKA TSAYA?

Za ka ce to mu ina ruwanmu, tunda namu har yau shokazoba biyu ce? Akwai dalili, kuma ba ci baya ba ne.

A 1975 Honda ya fito da CG125. An ƙera shi ne musamman don ƙasashe masu tasowa, bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya sun ga yadda ake amfani da babur a zahiri: ana lodin mutane da kaya, hanya babu kwalta, ba a canza baƙin mai a kan lokaci. Sai suka yi inji mai jure wuya da jiki mai sauƙin gyara. Baburan Sin da yawa da suka cika kasuwanninmu daga baya, a kan wannan fasali aka kwaikwaye su. Na Indiya irin su Bajaj Boxer su ma tunanin ɗaya ne: shokazoba biyu, sauƙin cirewa, arhar kayan gyara, juriyar kaya.

Wato babur ɗinka an gina shi ne da sanin za ka yi goyo, za ka ɗora buhu. Amma an gina shi da zaton za ka sa iskar da aka rubuta. A nan ne muke faɗuwa.

HAƊARIN DA YA HAIFI DOKA

Na'urar da ke sa ido a kan iskar taya ta fara bayyana a motar hawa ne a 1986, a jikin Porsche 959, motar attajirai. Shekaru da dama ta zauna a matsayin kayan alatu.

Abin da ya sauya lamarin rayuka ne. A ƙarshen shekarun 1990 a Amurka aka yi ta samun haɗurran motar Ford Explorer mai tayoyin Firestone. Fatar taya ta sama tana ɓarewa ana tsaka da gudu, mota ta wuntsila, kuma abin ya fi yawa a jihohi masu zafi. Sama da mutum 200 suka rasu. A watan Agustan 2000 aka janye taya miliyan 6.5 daga kasuwa. Kamfanonin biyu suka yi ta ɗora wa juna laifi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi jayayya a kai shi ne iska: Ford ya rubuta psi 26, Firestone ya ce 30 ya fi dacewa. Ka duba, tazarar psi 4 kacal ta shiga cikin muhawarar da ta kai har majalisar dokoki.

Me ya haɗa ƙarancin iska da fashewa? Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa sosai a kowane juyi. Lanƙwasa tana haifar da zafi, kamar yadda waya ke zafi idan ka yi ta lanƙwasa ta kana son karyawa. Zafi kuma yana raba roba da zaren da ke cikinta. Ka haɗa da lodi, ka haɗa da kwalta mai zafi, ka ga inda aka dosa. Yanzu ka tuna titinmu a watan Afrilu da buhu biyu a baya.

A watan Nuwamban 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira TREAD. A ƙarƙashinta, daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a Amurka dole ta zo da na'urar da za ta kunna fitila idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tarayyar Turai ta bi sahu, daga Nuwamban 2014 ta wajabta wa duk sababbin motocin hawa. Wannan fitilar mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, wadda kake gani a tokunbo wasu har suna liƙe ta da salatif, ita ce. Kuma cikin manyan masu ƙera na'urar akwai Schrader, mai bawul ɗin 1893, wanda ya taɓa ƙera ta a masana'antarsa ta Arewacin Ailan, ba nisa da Belfast inda Dunlop ya fara hura tayarsa.

Abin mamaki, dokar Amurka ba ta haɗa da babur ba, alhali mai babur ya fi kowa buƙata. Mota ƙafa huɗu gare ta. Kai biyu gare ka, kuma inda kowace ke taɓa ƙasa bai kai faɗin tafin hannunka ba. Manyan baburan tafiya mai nisa ne suka fara zuwa da ita don raɗin kansu a ƙarshen shekarun 2000, irin su na BMW, da Kawasaki GTR1400, da Honda Gold Wing.

YADDA TA ISO WAYARKA

Nan ne tarihin ya shigo fagenmu na masu waya. A cikin na'urar akwai wani ɗan ƙaramin cif mai siririyar fata ta silikon. Iska ta danna fatar, ta ɗan lotsa, cif ya mayar da lotsawar zuwa lamba. Dangi ɗaya ne da cif ɗin da ke juya maka allon waya idan ka karkata ta. Da aka fara ƙera irinsu miliyoyi saboda motoci da wayoyi, sai farashi ya faɗo.

Na cikin mota da rediyo suke magana, a kan mita 315 ko 433 MHz, kuma sai da akwatin karɓa na musamman. Waya ba ta jin wannan yare. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne Bluetooth mai cin batir kaɗan. Nokia ce ta fara shi a 2006 da sunan Wibree, aka shigar da shi cikin Bluetooth 4.0 a 2010, iPhone 4S ta zo da shi a 2011, Android kuma ta karɓe shi a sigar 4.3 a 2013. Daga nan ya zama ɗan batir irin na agogo zai iya riƙe na'ura wata da watanni tana aika saƙo. Abin da sai mai Porsche a 1986, yau ga shi a bakin shagona a jikin babur ɗin talaka.

ABIN DA TARIHIN KE KOYA MAKA

Na farko, ka san lambarka. Ba a jikin taya take ba. Wadda ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka. Lambar gaskiya tana kan sitika a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya ko murfin sarƙa, ko cikin littafin babur. Yawanci za ka ga biyu: ta kai kaɗai, da ta goyo. Idan an rubuta da bar, bar 1 daidai yake da psi 14.5.

Na biyu, ka auna da safe kafin ka hau. Iska tana kumbura da zafi, kusan psi 1 a duk digiri 6. Tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara za ka iya ganin bambancin psi 4 ba tare da ka taɓa komai ba. Don haka idan lamba ta hau bayan doguwar tafiya, kada ka sace iska, haka abin yake.

Na uku, babban yatsa ba geji ba ne, ƙwanƙwasa taya da sifana ma ba geji ba ne. Mai faci ba mugu ba ne, sau da yawa mu ne muke cewa "ƙara dai, ta yi tauri". Iska ta yi yawa, taya ta daina shan gargada, tsakiyarta ta cinye, birki ya rage kamu. Ta yi kaɗan, ta ci mai, ta yi zafi, kan babur ya yi nauyi, rim ya tsinke tif a rami. Ƙaramin gejin hannu ya wadatar, ko ba ka sayi mai Bluetooth ba.

Na huɗu, idan za ka sayi mai Bluetooth, ka san irin da za ka saya. Wadda ake sawa a cikin taya sai tayar da ba ta da tif. Mu masu tif, ta kan bawul ce tamu. Ita kuma tana aiki ne ta hanyar danne tsinken bawul a buɗe, wato robar cikinta ce kaɗai ke tare iska. Idan ka ɗaura, ka shafa ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa. Idan bawul ɗinka na roba ne, ka canza na ƙarfe, domin nauyinta yana lanƙwasa shi a guje. Ka juya tayar da hannu ka tabbata ba ta gogar komai. Kuma don Allah kada ka riƙa kallon waya kana tuƙi, ka saita ƙararrawa ta yi maka ƙara.

Na biyar, kafin ka sayi sabuwar shokazoba ka bi matakai. Gyara iska tukuna. Sannan ka duba ƙasan sifirin na baya, a yawancin babura akwai wani zobe mai hawa-hawa da ake juyawa don ƙara ko rage tauri, kuma dole hagu da dama su zama a mataki ɗaya. Sannan ka danna bayan babur ka saki: idan ya dawo ya tsaya, lafiya, idan ya yi ta lilo, ko ka ga mai yana tsiyaya, to ta mutu da gaske. Ta gaba idan tana zubar da mai kada ka yi jinkiri, man yana iya gangarawa kan birki. In za ka canza, ka canza biyun tare, kuma tsawonsu ya zo daidai da na asali. Wadda ta fi tsawo tana ɗaga baya, ta canza yadda babur ke shan kwana, ta kuma ja sarƙa.

Mutumin nan da na ba ka labari, tare muka je wurin mai faci. Aka rage ta baya, aka ƙara ta gaba, daidai da sitikar da ke jikin babur ɗinsa wadda bai taɓa karantawa ba. Bayan sati ya biyo ta shago ya ce kuɗin shokazoba sun tafi kuɗin makarantar yara.

Na'ura za ta gaya maka lamba, amma ba za ta je wurin mai faci a madadinka ba. Gobe da safe kafin ka tayar da babur, ka durƙusa ka nemo sitikar nan.

Idan ka auna taka, faɗa mana lambar da ka samu a ƙasa, mu ga wa ya fi kowa hawa dutse. Ka kuma tura wa ɗan uwanka mai babur. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu gida lafiya. Amin.